Fakat ko murar tsuntsaye? Abin da mutuwar kajin gida ke nufi ga lafiyar iyali

A farkon shekarar 2025 hukumomin jihar Kano suka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a ƙaramar hukumar Gwale. A cikin gida abin ya faru, ba a wata katafariyar gonar kaji ba. Bisa bayanin da hukumomin suka bayar, agwagwa aka sayo a kasuwar Janguza aka sake ta cikin sauran tsuntsayen da ake kiwo a gidan, ba a daɗe ba mafi yawansu suka mutu. Mai su ya kai ƙara asibitin dabbobi, aka ɗauki samfuri, gwaji ya nuna cutar.

Mutuwar kaji da yawa a gida ɗaya ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta wannan labari shi ne an kai rahoto, an kuma yi gwaji. Duk shekara idan hunturu ya shigo, kaji na mutuwa a unguwanni da ƙauyuka, akurki bayan akurki, babu mai sanarwa kuma babu mai tambaya. Mun saba har mun ɗauke shi tamkar wani ɓangare na sanyi. Wannan sabo shi ne abin da ya sa likitocin mutane ke da ta cewa a kan ciwon kaji, domin cututtuka biyu ne ke yin wannan ɓarna, kamanninsu ɗaya a ido, amma ɗaya daga cikinsu tana iya kashe mutum.

Cututtuka biyu masu kama da juna

Ta farko ita ce wadda masu kiwo a wurare da yawa ke kira fakat, sunanta a likitance cutar Newcastle, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta a 1926. An fara tabbatar da ita a Najeriya a yankin Ibadan a farkon shekarun 1950, kuma tun daga lokacin ta samu wurin zama. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. Bayan kaza ta ɗauka, alamu kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 15, galibi kwana 5 ko 6. Za a ga kaza ta takure ta saki fukafukai, ta daina cin abinci, tana zawo mai launin kore, tana buɗe baki don neman numfashi. Wasu wuyansu kan murɗe, wasu ƙafa ta shanye. Masu ƙwai su daina, ko su riƙa yin ƙwai mai laushin ɓawo. Idan nau'in mai zafi ne ya shiga kajin da ba a taɓa yi wa rigakafi ba, yana iya share su gaba ɗaya. A jikin mutum kuwa fakat ba ta da wani ƙarfi. Iyakarta jan ido irin na afolo ga wanda ya yi mu'amala da kaji marasa lafiya, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, kuma yakan warke da kansa.

Ta biyu ita ce murar tsuntsaye, musamman nau'in da ake kira H5N1. Ita ma bairos ce, daga dangin ƙwayoyin murar da ke kama mutane. Alamunta a kaji kusan su ne waɗanda aka lissafa a sama: mutuwar farat ɗaya, zawo, sarƙewar numfashi, kumburin kai, zanko ya yi baƙi-baƙi, wani lokaci jini ya kwanta a fatar ƙafa. Ko ƙwararren likitan dabbobi ba ya iya rantsuwa a kan wace ce daga cikin biyun sai an kai samfuri ɗakin gwaji. To ina ga uwar gida da ta wayi gari ta tarar da kaji biyar a mace a akurki?

Abin da tarihi ya nuna

Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da H5N1, a watan Fabrairun 2006, a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna. Cikin wannan watan aka same ta a Magarya da ke jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar. A watan Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji ya tabbatar da cewa cutar ce ta yi ajalinta. Bayan lafawa ta wasu shekaru, cutar ta sake kunno kai a Kano da Legas a farkon 2015, ta dawo a 2021, kuma tun daga nan ake samun ɓullarta jefi-jefi.

A duniya baki ɗaya, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 2003 zuwa yau an tabbatar da cutar a jikin mutum sama da 900, kuma kusan rabinsu sun rasu. Wannan adadi ya shafi waɗanda aka gwada ne kawai, galibi waɗanda ciwo ya tsananta har aka kai asibiti, amma duk da haka ya isa a ɗauki abin da muhimmanci. Masar ce ta fi kowace ƙasa yawan waɗanda suka kamu, mutum sama da 350, kuma da yawansu mata ne da ƙananan yara a gidajen da ake kiwon kaji da agwagi. Ko a Amurka, mutumin farko da cutar ta kashe a Janairun 2025 a jihar Louisiana ya yi mu'amala ne da tsuntsayen da ake kiwo a bayan gida.

Darasin Masar ya shafe mu kai tsaye, domin tsarin kiwonsu na gida ya yi kama da namu. Mata ne ke ba kaji dusa, su ne ke fige su da gyara kayan ciki, yara kuma su ne ke kamo su da wasa a inda suke kashi.

Har yanzu ƙwayar H5N1 ba ta samu hanyar yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum ba. Abin da masana ke tsoro shi ne ƙwayoyin mura suna musayar sassan halittarsu idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya. Duk mutumin da ya ɗauki ta tsuntsaye alhali yana ɗauke da murar mutane, wata dama ce aka ba ƙwayar ta sauya kama. Rage yawan masu kamuwa shi ne rage wannan dama.

Yadda cutar ke ratsa unguwa

Hanyar yaɗuwar fakat da ta murar tsuntsaye ɗaya ce: kashi, majina da yawun tsuntsu mai ciwo, da duk abin da suka taɓa, kamar ruwan sha, kwanon abinci, kejin da aka ɗauko su ciki, takalmi da tayar babur. Kajin gida sake suke, na wannan gida da na wancan a bola ɗaya suke tono, a kwata ɗaya suke shan ruwa. Idan aka duba da kyau, kajin unguwa guda garke ɗaya ne, masu su ne kawai daban-daban.

Sai kasuwa. Da zarar kaza biyu ko uku sun mutu, abin da mai su ke fara tunani shi ne ya rage asara, sai ya kwashi sauran ya kai kasuwa ya karyar da su. Wanda ya saya yana murna ya samu araha, ya kai gida ya sake cikin nasa. Da yake cutar na ɗaukar kwanaki kafin ta nuna, kazar da aka saya tana iya zama garau a ido ranar ciniki. Lokutan da aka fi safarar kaji, wato gabanin Sallah, Kirsimeti da bukukuwan ƙarshen shekara, su ne lokutan da cuta ke samun abin hawa kyauta daga gari zuwa gari.

Agwagi na da nasu matsayi a wannan lamari. Suna iya ɗaukar murar tsuntsaye su riƙa zubar da ƙwayar a kashinsu ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. Su ne kuma ke shiga tafkuna da fadamu inda suke cuɗanya da tsuntsayen daji masu ƙaura, irin waɗanda ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi a watannin sanyi. Sanyi da kansa yana taimakon ƙwayoyin, domin sun fi daɗewa da rai a kashi da ruwa idan babu zafi. Shi ya sa ɓarnar ta fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris.

A 'yan shekarun nan tsadar abinci ta sa ƙarin gidaje a birane sun shiga kiwon kaji, wasu a lungun tsakar gida, wasu a saman bene, wasu dab da kicin. Dabara ce mai kyau ta neman rufin asiri. Sai dai yawancin waɗannan kaji ba su taɓa ganin rigakafi ba, kuma suna kusa da inda ake girki da kwana fiye da da.

Inda haɗarin yake ga mutum

Naman kaza da ya dahu sosai, har cikinsa ya kai zafin digiri 70 babu sauran ja, ba ya ɗauke da ƙwayar mura mai rai. Haka ƙwan da ya dahu har gwaiduwa ta daskare. Haɗarin yana gabanin tukunya: wajen yanka, figa, fasa ciki da wanke kayan ciki. A nan ne jini da ƙurar gashi da kashi ke fantsama zuwa ido, hanci da baki.

Al'adar da muka saba ita ce idan kaza ta fara layi a yi maza a yanka ta kafin ta zama mushe. Niyyar mai kyau ce, gudun asara da gudun haram. Amma a wannan hali kaza ta fi cika da ƙwayar cuta, kuma wanda ya yanka da wadda ta fige su ne suka fi kowa shiga haɗari. Yanka yana halatta nama, ba ya kashe bairos.

Akwai kuma illa ta biyu wadda ba a cika lura da ita ba. Idan kaji suka fara ciwo, da yawa kan je kemis su sayo kafso na mutane, musamman tetrasaikilin mai ja da ruwan ɗorawa, su fasa a ruwan shan kaji. Wasu su haɗa da barkono, gautan kaji ko ɓawon maɗaci. Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairos, don haka kuɗin ya tafi a banza. Abin da ke biyo baya shi ne ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin hanjin kajin suna koyon bijire wa maganin, su fito a kashi, su shiga ƙasar da yaro ke rarrafe a kai. Ranar da yaron ya kamu da gudawa ko ciwon da ke buƙatar irin wannan magani, sai a tarar ba ya aiki. Idan kuma aka yanka kazar tana tsakiyar shan magani, ragowarsa na nan a nama da ƙwai.

Illa ta uku ita ce ta abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, ga sauran sinadaran da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata. Gidan da kajinsa ke ƙarewa duk shekara ba ya barin yaro ya ci ƙwai, domin kowane ƙwai ana tanadinsa ne don ƙyanƙyasa a mayar da gurbin waɗanda suka mutu. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, aka wallafa a 2022, ya gano cewa a gidajen da aka riƙa yi wa kaji rigakafin fakat, yara sun samu ƙarin abinci mai gina jiki kuma girmansu ya inganta. Ga mata da yawa kuma kaza ita ce asusun gaggawa, ita ake sayarwa a sayi maganin zazzaɓi ko a biya kuɗin mota zuwa awo.

Rigakafin da ake da shi, da dalilin da ba ya isowa

Fakat tana da rigakafi mai inganci kuma mai araha. Manyan gonaki sun daɗe suna amfani da irin su Lasota, wanda ke buƙatar firji tun daga kamfani har zuwa gona. Don kajin karkara aka samar da wani mai suna I-2 a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, wanda ya fi jure zafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa shi. Ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, babba da tsako. Garkuwar kan kankama cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu, saboda ƙarfinta na raguwa kuma kullum ana samun sababbin 'yan tsaki. Jure zafin ba ya nufin a bar shi a rana, a inuwa mai sanyi ake ɗaukarsa, kuma bayan an haɗa shi da ruwa a bi wa'adin da aka rubuta a jikin kwalba. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu, domin ba magani ba ne.

Me ya hana shi isa ga kajin gida? Kwalba ɗaya na ɗauke da na kaji da yawa, fiye da abin da mai kaza goma ke buƙata, kuma idan an buɗe ba ta ajiyuwa. Malaman dabbobi sun yi kaɗan, hankalin hukuma kuma ya fi karkata ga shanu, awaki da tumaki. Akwai kuma masu cewa sun taɓa yi kajin suka mutu, wanda sau da yawa dalilinsa shi ne an yi ne bayan cuta ta riga ta shigo, ko maganin ya lalace a hanya.

Dole a fahimci cewa rigakafin fakat ba ya kare kaza daga murar tsuntsaye. Manufar da Najeriya ta bi tun 2006 game da murar tsuntsaye ita ce a gano, a killace, a kashe tsuntsayen da abin ya shafa, a biya diyya. Wannan tsari ya dogara kacokan a kan mutane su kai rahoto. A 2006 an fara da biyan Naira 250 a kan kowace kaza, abin da masu kiwo suka yi ta kukan bai kai farashin kasuwa ba. Muddin wanda ya kai rahoto zai fi wanda ya ruga kasuwa asara, to kasuwa za a riƙa zuwa.

A nan ne rigakafin fakat ke da amfani na biyu. A unguwar da kaji ke mutuwa duk hunturu, murar tsuntsaye tana iya shigowa ta gama ɓarna ana cewa fakat ce ta shekara-shekara. A unguwar da aka yi wa kaji rigakafi kuwa, mutuwar kaji da yawa lokaci guda abin mamaki ne, nan take za a tambayi dalili. Duk kuɗin da aka kashe a kan rigakafin kajin gida, wani ɓangarensa an kashe shi ne a kan sa ido kan cutar da ke iya kama mutane. Ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya da aka kafa a 2024, tare da takwarorinta na jihohi, suna da damar horar da masu ɗiga rigakafi a kowace mazaɓa, musamman mata, domin su ne ke iya shiga gidajen da kajin suke. Haka kuma ya kamata ofishin dabbobi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma su riƙa sanar da juna a rana ɗaya.

Abin da iyali za su iya yi tun yanzu

Ku haɗa kai da maƙwabta ku sayi kwalba ɗaya ta hannun malamin dabbobi, a yi wa kajin unguwa a rana guda. Watan Oktoba, kafin sanyi ya shigo, lokaci ne mai kyau na farawa, sannan Fabrairu da Yuni.

Duk tsuntsun da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ware shi shi kaɗai aƙalla mako biyu, uku ya fi. A raba makwancin agwagi da na kaji. Kada kaji su kwana a ɗakin da mutane ke kwana, kuma a riƙa share kashinsu bayan an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi.

Idan kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a sayar, kada a bayar. A kulle sauran a sanar da ofishin dabbobi mafi kusa ko mai unguwa. Mushen kuma kada a ɗauka da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda, a rufe hanci da baki, a binne shi a rami mai zurfi nesa da rijiya, ko a ƙone. Jefa shi a bola yana kai cutar ga kajin maƙwabta da kyanwoyi, waɗanda su ma suna kamuwa. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, a wanke takalmi.

Masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon suga, ciwon ƙoda, asma, amosanin jini da masu raunin garkuwar jiki, kada a sa su aikin kaji marasa lafiya ko kaɗan.

Yaushe za a je asibiti

Duk wanda ya taɓa kaji masu ciwo ko mushensu ya lura da jikinsa har kwana 10. Idan zazzaɓi ya zo, ko tari, ciwon maƙogwaro, jan ido, ciwon jiki ko gudawa, a je asibiti a ranar. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko yaro yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, wannan na gaggawa ne.

A asibiti a faɗa wa likita tun kafin ya tambaya: kajinmu sun mutu a makon nan, kuma ni na gyara su. Farkon murar tsuntsaye ba shi da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko mura ta yau da kullum, kuma idan ba a ambaci kaji ba, da wuya tunanin likita ya kai can. Akwai maganin da ake bayarwa mai suna oseltamivir, wanda ya fi aiki idan aka fara shi cikin kwana biyu na farkon ciwo, shi ya sa jinkiri ke da tsada. Ana kuma iya kiran layin kyauta na hukumar daƙile cututtuka ta NCDC a 6232.

Mafi yawan mutuwar kajin da za a gani a hunturun bana fakat ce, kuma mafi yawan zazzaɓin da zai biyo baya ba shi da alaƙa da kaji. Amma tantance wannan aikin ɗakin gwaji ne, kuma ɗakin gwaji ba ya ganin komai sai abin da aka kai masa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu da abin kiwonmu.